Inna da Tambayoyin Inshora

Laraba, bayan isha'i, Birnin Kudu

Yau Inna ta kusa sa ni kuka. Sati biyu ina fama da zaɓen inshorar tafiyarmu Masar, hutun da Yaya Sani ya gayyace mu. Mai araha ba ta ɗaukar nauyin tsohon ciwo, wata kuma Baba ya ce tana ƙamshin caca. Da ƙyar na samo ta takaful, wato inshorar Musulunci, wadda ya amince da ita.

Tambayoyin lafiya kawai suka rage. Ma'aikaciyar kamfanin ta kira daga Kano, ta ce sai ta ji daga bakin Inna. "Hajiya, akwai wani ciwo da kike fama da shi?" Inna ta gyara zama ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan, sai godiya." Alhali ga ƙwayoyin hawan jini da na suga a kan cinyarta!

Na karɓe wayar na faɗi gaskiya, don in aka ɓoye, ranar da ciwo ya kayar da ita a can ba ruwansu da mu. Tun la'asar ta ɗauke mini wuta. Wai na tona mata asiri a gaban baƙuwa, kuma mai kai kukan ciwo ga mutum ya raina ni'imar Allah.

Abin haushin, ni ce nake jin kamar na yi laifi. Ɗazu na kai mata ruwa ta sha magani, na ce, "Inna, ya jikin?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Lafiya lau."