Kwalbar Muntaka

Abakpa Nike, Enugu, Agusta 1966

Ƙawata Haulatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da Inna kuna lafiya a Onitsha. Littattafan soyayyar da kika sayo mini a kasuwar Ochanja sun iso, suna ƙarƙashin tabarma.

Haulatu, abin da muke karantawa ya faɗo kaina! Kin san Baba ke kiwon zomayen gwaji a ɗakin bincike, ni ke kai masa abinci. Akwai wani ma'aikaci mai tabarau, Muntaka, wanda ban taɓa kallon sama da takalminsa ba. Jiya ya miƙo mini 'yar kwalba, ya ce in riƙe ta a ƙirjina, kada ta huce. Ko tuwo na kasa ci.

Taki,
Zuliha

Haulatu,

Ina gaisuwa, ya zaman ɗar-ɗar?

Ashe jinin zomo ne! Tun da rikicin nan ya tashi wuta ba ta zama, akwatin ɗumi ya daina aiki, su kuwa ƙwayoyin jinin nan masu yaƙi da cuta sai da ɗumi suke rayuwa. Kowa an ba shi kwalba. Ta Baba tana hammata. Iya Tabawa mai shara ma, mai jikoki, an ba ta. Na sha kuka.

Ƙarin abin kunya, ƙwayoyin kwalbata sun fi na kowa cinye cuta. Muntaka ya ce zafin jikina ne ya zuga su. Ya auna ni, ya ce zazzaɓi ne, ya ɗura mini magani mai ɗacin tsiya. A littafi fure ake bayarwa.

Mai baƙin ciki,
Zuliha

Ƙawata,

Da fatan kun kintsa lafiya. Mu gobe za mu bi jirgin ƙasa, unguwa duk ta watse. Eunice, abokiyar aikinsu, za ta riƙe zomayen, Allah ya saka mata.

Muntaka bai bar maganar zazzaɓina ba, wai bincike ba ya son ƙila. In Eunice ta auna ni, lafiya lau. In shi ne, zafi ya hau. Aka yi ta maimaitawa, ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya cire tabarau, ya ce lallai akwai abin da bai gano ba tukuna.

Sai Iya Tabawa ta ajiye tsintsiya, ta ƙwace ma'aunin zafin, ta tsayar da ni gabansa, ta cusa masa a baki.

Haulatu, nasa ya fi nawa.

Sai mun haɗu a Kano.

Taki har kullum,
Zuliha