Furar Inna da Zoben Baba

Tirwun, Bauchi
Talata, 14 ga Mayu, 2024

Yaya Mansir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya su Anti Khadijatu? Ƙarfe huɗu da rabi yanzu, ina zaune a baranda, Baba yana banɗaki yana amai.

Tunda kai ka raka shi asibiti aka ɗaure masa bakin tumbi da zoben nan saboda ƙiba, ka san likita ya ce ya ci kaɗan, mai laushi, don yawan amai na iya sa zoben ya goce. Ka kuma san ya hana a gaya wa Inna, wai uwa ba ta jure jin an yanka ɗanta da ƙafarsa.

To, Inna ta ga ramarsa, ta yanke cewa sammu ne. Kullum bayan la'asar tana dama fura mai kauri da rubutu, ƙwarya cike, gaya-gaya, ta zauna sai ya shanye. Ya sha, ya amayar. Ita kuwa ta yi hamdala, wai sammun ne ke fita.

Ranar Asabar na tace furar a ɓoye, na ƙara ruwa. Bai yi amai ba. Inna ta ce maganin ya yi rauni, ta ninka. Karatuna na ilimin abinci bai koya mini wannan ba.

Na roƙi Baba. Ya ce gara zoben ya goce da ya ture ƙwaryar mahaifiyarsa. Yanzu da ya rame yana sujada ba sai a kan kujera ba kamar da, Inna tana cewa rubutu ne, shi kuma yana gyaɗa kai har ni ma na fara rikicewa.

Ɗazu ta kama hannuna ta ce tunda ni na yi boko, gobe in faɗa mata abin da ke cikin ɗanta.

Ka gaida kowa. Ka kira ni gobe kafin la'asar.

Ƙanwarka,
Saudatu

Abin da ban sani ba:
Ko zoben yana wurinsa. Tun jiya ko ruwa da ƙyar yake wucewa.
Ko akwai mai duba shi a Bauchi, ko sai an koma asibitin da aka yi masa aikin.
Ko Inna ta ga tabon cikinsa ranar da ta shafa masa addu'a, don ta daɗe hannunta na wurin.
Wanda zan saɓa wa gobe, ubana ko uwarsa.