Hotonki da Sanyi Ya Ɓata

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga mahaifiya, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san babu masinjan da zai kai miki takardar nan, amma abin ya tsaya mini a wuya, gara in faɗa miki.

Kin tuna kyamarar da na saya a hannun Baturen awon ƙasa da zai koma garinsu? Shekara biyu ina roƙonki ki zauna in ɗauke ki hoto, kina cewa, "Me za ka yi da inuwata, ga ni a gabanka?"

Sai wata safiya bayan an shigar da dawa, na taso daga Kafin Maiyaki zuwa Ba'awa, kyamarar na rataye a kan keke, cikin sanyin da yatsa ba ya lanƙwasuwa. Ban ma roƙe ki ba, kika yafa gwadonki, kika zauna bakin rumbu, kika ce, "Yi maza, tukunya na kan wuta."

Na danna. Shiru. Ɗan murfin da ke cikin idon kyamara, wanda yakan buɗe ya rufe kamar ƙiftawa, ya tsaya nawa. Sai da kika juya kina korar akuya daga ƙwaryar gari, sannan na ji ƙas. Na ce a sake. Kika ce sau ɗaya kika yi niyya, kika tashi abinki.

Mako uku fim ɗin yana wajen wanki a Kano. Da ya dawo, rumbu ya fito, akuya ta fito har gemunta. Ke kuwa fuskarki kamar hayaƙi. Haba Inna! Minti ɗaya kawai na nema.

Na ɗiga wa kyamarar man keken ɗinki, ta ƙara nawa. Na kanga ta kusa da murhu, gilashin ya yi gumi. Fim biyu na lalata a kan katanga da bishiya. Ranar da ta sake yi mini haka a Doguwa, saura kaɗan in maka ta da dutse.

Wani tsoho mai gyaran agogo a Tudun Wada ne ya buɗe ta, ya ce, "Maikon ciki ne ke daskarewa kamar man shanu, kai kuma ka ƙara masa." Ya wanke da ɗigon fetur, ya ce in riƙa sa ta cikin riga, jikina ya ɗumama ta. Shi ke nan fa. Abin da ya hana ni fuskarki ke nan.

Lokacin kin riga kin kwanta ciwo. Na zo da ita a ƙirjina, da ɗuminta, amma da na ga yadda kika rame, na kasa fito da ita. Kwana shida bayan nan muka kai ki.

Yanzu kyamarar ba ta ƙara yi mini gardama. Na ɗauki mahauta, na ɗauki Fulani da shanunsu, kowa ya fito sarai, kuma kowane hoto haushi yake ba ni. Jiya na zauna in tuna ko a kuncin dama ne tabon ƙunarki yake ko a na hagu. Wallahi Inna, na kasa.

Ki yafe mini faɗan da na yi miki ranar da kika ƙi a sake ɗaukar hoton. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ɗanki na fari,
wanda ba kya kiran sunansa.