Kayan Makarantar Ƙarama

Zuwa ga maigidana, Baban Ƙarama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya ciwon bayan nan? Tunda wurinku har yanzu babu sabis ɗin waya, ga takarda ta hannun direban kamfaninku. Mu lafiya lau. Ƙarama ta ce in gaya maka, da hannu ta nuna mini, wai gemunka na cikin hoto ya yi yawa.

Ƙudirin dokar da ƙungiyarmu ta iyaye ta yi shekaru tana bi, wanda zai tilasta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu nakasa, ya kai gaban kwamitin majalisa. Shekaranjiya aka kira mu sauraron ra'ayi. Na so in rubuto maka da murna, amma wallahi tun da na dawo abinci bai yi mini daɗi ba.

Ka san Maman Manaja, telar nan da ta fara tara mu a shagonta tun kafin a san da wata ƙungiya. Ta zo da Manaja a kekensa na guragu. Ya girma sosai, har gashin baki ya fara fitowa, amma yana nan yadda ka san shi: ba ya zama da kansa, ba ya magana, sai dariyar nan tasa, kuma har yau cikin kunzugu yake. Ina tsaye ina jawabi a matsayina na shugaba sai yaro ya yi abin da kowane ɗan Adam ke yi. Ɗakin a rufe, ga sanyin na'ura, nan da nan kowa ya ji.

Shugaban kwamiti ya zaro hankici ya toshe hanci, ya fiddo turare daga aljihu ya fesa a iska, ɓangaren da yaron yake, kamar mai korar sauro. Wannan ma da na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Mataimakina. Mutumin da ɗansa makaho ne, wanda ya san zafin kallon mutane, ya miƙe ya gyara hula ya ba kwamiti haƙuri a madadin ƙungiya. Haƙurin me? Wa ya aike shi?

Maman Manaja ta tura kekensa waje, na bi ta. Banɗaki a kulle, mai makulli ya tafi cin abinci. A baranda ta shimfiɗa mayafinta ta canza masa, ni na kare su da nawa, ma'aikata na wucewa suna kau da kai. Manaja kuwa sai dariya yake mini.

Ka gaishe da mutanenku. Ka riƙa shafa maganin, na san halinka.

Matarka,
Maman Ƙarama

*

Baban Ƙarama,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso, na ji daɗin jin bayan ya yi sauƙi. Sauran abin da ke cikinta kuwa, bari in fara ba ka labari tukuna.

Yadda Mataimaki ya riga ni sanar da kai, haka ne: kwamiti ya amince da dokar. Amma na tabbata bai gaya maka sun ƙara layi ɗaya ba. Layin ya ce makaranta za ta karɓi yaro ne in yana iya zuwa banɗaki da kansa. Mu abin da muka nema tun farko shi ne a ɗauki mai kula a kowace makaranta saboda irin su Manaja. Sun goge mai kula, sun sa wannan. Kuma suna so shugabar ƙungiya ta sa hannu cewa iyaye sun gamsu, don a karanta a zauren majalisa.

Ka rubuto cewa in sa hannu, Ƙarama ta kai shekarun da ƙannen ƙawayenta ma sun wuce ta, sauran a gyara daga baya. Kana ganin ban sani ba? Ni nake ganinta kullum da safe a bakin taga tana kallon 'yan makaranta. Yarinyar da rashin ji kawai ke damunta, ga ƙwaƙwalwa kamar me. Dokar nan da ita aka auna. Amma wa zai gyara daga baya? Ranar da masu baki a cikinmu suka samu nasu, an gama taro.

Na kira taron gaggawa a ajin da muke aro. Mataimaki ya zo da bakinsa na mai tallan magani, ya yi ta zuba: a kama na hannu, siyasa sai da sassauci, kada kaɗan su hana da yawa. Kaɗan! Ga su nan zaune a bencin baya, iyayen da ke wanke manyan yara safe da yamma, ana kiransu kaɗan a gabansu. Na ce ba zan sa hannu ba. Sai ya kawo shawarar a sake zaɓe.

Maigida, na ga hannaye sun tashi. Matar da Maman Manaja ta raka asibiti ranar da aka yanke wa 'yarta ƙafa, ta ɗaga nata tana kallon ƙasa. Da ma ta dube mu, da ya fi. An cire ni, Mataimaki ya zama shugaba, kafin mu fita ƙofa ya sa hannu, har da neman wanda zai ɗauke shi hoto. Na ji ƙyamar ɗakin, na ji ƙyamar kujerar da na yi shekaru a kai.

Kada ka yi fushi da ni. Ko ka yi, ka rubuto, shirunka ya fi mini ciwo.

Taka,
Maman Ƙarama

*

Maigida,

Ina gaishe ka da kewa. Ya aiki, ya gajiya? Na gode da ba ka ce "ai na gaya miki" ba, ko da yake na ji ƙanshinta a tsakanin layuka.

Doka ta wuce. An nuna sabon shugabanmu yana musabaha da mai turare. Makarantar bayan kasuwa ta ba Ƙarama gurbi, har da malamar da ta iya maganar hannu. Na karɓa. Eh, ni da na ƙi sa hannu, na karɓa, don ba zan hukunta 'yata da laifin manya ba. Amma kada ka tambaye ni yadda na ji da kaina a hanyar dawowa.

Sai maganar kayan makaranta. Na yi niyyar kai yadin zuwa wani shago can nesa, don ban san da wane ido zan dubi Maman Manaja ba. Ashe ta ji labari, ta aiko cewa in na kai wa wani tela ɗinkin Ƙarama, kada in ƙara taka shagonta. Muka je. Me zan gani? Yadin makaranta jibge a kan teburin yanka. Duk waɗanda suka ɗaga hannu ranar nan, wajenta suka kawo, wai ita ta san jikin yaransu, ta san inda ake buɗa hannun riga da inda ake sa maɓalli maimakon zif. Ko kunya babu! Ita kuma tana ta taka keke, Manaja na kwance a katifarsa gefen ƙafarta yana bin allura da ido.

Na ce mata ta mayar musu da tsummokaransu. Ta ce yaran ba su ɗaga hannu ba.

Ta sa tef ta auna Ƙarama, kafaɗa, ƙugu, tsawo. Jiya muka koma gwaji, riga ta zauna ɗas. Ƙarama ta yi ta juyi gaban madubi, ta je ta durƙusa ta nuna wa Manaja aljihunta, yana ta dariya. Sai ta tashi ta bi rigunan da ke rataye ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Ta juyo gare ni, ta nuna Manaja, ta kama wuyan rigarta, ta buɗe tafin hannu: ina tasa?

Shekara nawa ina magana da yarinyar nan da hannu, ban taɓa rasa amsa ba sai jiya. Maman Manaja ta ga tambayar sarai, ta sunkuya ta ci gaba da ɗinki.

Ranar Asabar mu iyayen bencin baya za mu zauna a shagon, inda aka fara. Ba mu da suna tukuna, ba mu da kujeru. Idan ka zo hutu kada ka ce za ka huta, benci za ka ɗauko mana. Kuma ka zo da amsar da za ka ba 'yarka, don ta ce kai za ta tambaya.

Matarka mai jiranka,
Maman Ƙarama