Yarinyar da Ka Bari a Sama

Gure, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Zulkiflu, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Nafisa da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa albarka a koyarwarka da rubutunka. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta koyi gardama duk lokacin da zan tashi daga tabarma. Dabinon kwari ya yi kyau bana. Ummul Kulsum ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace.

To, ka ce in tattaro maka ra'ayin mutane kan littafinka na biyu, kada in rage kome. Na yi, sai dai ban sani ba ko ra'ayi na tattaro ko rigima. Ɗiyata Husseina ce take karanta mana bayan la'asar a tsakar gida, in ta taso daga lekol, wato makarantar boko, maƙwabta su shigo. Burahima direba ya ce na farkon ya fi, don can ka bayyana yadda aka ƙera jirgin da zai kwashe mutane zuwa wata duniya, nan kuwa ka miƙa wa yarinya ƴar shekara sha biyar bakin magana, ta cika shafuka da faɗanta da ƙawarta. Ya ce har aka gama bai ji abin da jirgin yake sha ba, esansi ko gazuwal, wato fetur ko dizal. Idirisa mai lambu ya ce lambun da ka shuka cikin jirgi ba taki ba jaki ya nuna hannunka ya manta fartanya. Su kuwa ƴan matan lise, wato sakandare, da ke biyo Husseina, kuka suka yi ta yi. Sun ce bakinsu ne sak, wai na farkon darasi ne, wannan ne littafi.

Ni kaina, kawunka, a ruɗe nake. Ban gane ina mutanen jirgin suke fuskanta in za su yi salla ba. Na tambayi liman, ya ce in tambayi wanda ya ƙera jirgin. Sannan ka ce yarinyar tana kwana cikin akwatin sanyi ta farka tana nan a sha biyar ɗinta, alhali ƙannenta na gida sun yi furfura. To in sun haɗu, wa zai durƙusa wa wa? Na juya wannan har na gaji.

Amma ba don wannan na nemi takarda ba. Maganar Yaya Habsu ce, mahaifiyarka.

Ka san yadda muka tashi. In kakarmu za ta yi mana ƙarya mai daɗi, sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu amsa, kowa ya san an shiga tatsuniya. In ta gama ta ce ƙurunƙus, kowa ya san an fito, kura ta koma daji, a tashi lafiya. Kai ba ka buɗe ba, ba ka rufe ba. Yarinya kawai ta fara ba da labarin kanta, kuma cikin duk sunayen duniya ba ka ga na sa mata ba sai Nuriyya, sunan ɗiyarka. Ka ba ta kaka mai ciwon ido irin na Yaya a wani gari mai rairayi da dabino. Sannan ka tsayar da littafin tana ita kaɗai a wani ɗaki na jirgin, iskar shaƙa tana ƙarewa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Husseina ta rufe littafi ta ce nan ya tsaya. Yaya ta ce a ci gaba. Aka ce sai na uku ya fito. Ta tambaya, yarinyar fa, haka za ta zauna ba iska har ubanta ya samu sukuni?

Tun ranar ba ta cin abin kirki, fura ma sai an yi da ita. Mun kira ku a waya, ka tuna, Nuriyya ta gaishe ta tana dariya, na ce shi ke nan an huta. Ashe ban huta ba. Da aka kashe waya sai Yaya ta tuna mini cewa ita ma ta cikin littafin haka take aiko wa kakarta murya ta na'ura, tana cewa lafiya lau take, don kada tsohuwa ta damu. Kuma kai da hannunka ka rubuta hakan.

Na gwada nawa. Na zaunar da ita na buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa, na sa Gizo ya hau sama ya ɓalle ƙofar, na sauko da yarinya a kasuwar Gure ranar cinta, na ce ƙurunƙus. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce na iya, amma ba ni na kai ta can ba. Yanzu ta sa an wanke mata zannuwa, ta ce wa Burahima ya nema mata wuri a mota zuwa Damagaram, daga can ta kama ta Yamai. Ka san tansiyonta, hawan jinin nan nata, ka san tsawon hanyar. Likita ya ce kada ta soma.

Jiya na yi mata faɗa irin na ƙane, a hankali. Na ce Yaya, da hankalinki, kin san ba wani jirgi. Ta juyo da idanun nan nata wajen da muryata take. Ta ce ita ba ta san jirgi ba. Abin da ta sani, rabon da ta taɓa kan jikar nan tata tun tana famfarar haƙori, kuma a wurinta da Yamai da tauraron nan naka duk tafiya ɗaya ce, daga kowanne murya kawai ke zuwa. Daga nan ban ƙara sanin wanda ya ruɗe ba tsakanina da ita.

Saboda haka, ɗana, ga ra'ayin da ya fi na kowa nauyi. Hutun lekol ya kusa. Ka ɗauko Nuriyya ku zo, ta zauna inda hannu zai kai gare ta. Na roƙi Burahima ya riƙa cewa mota ta cika, amma ba zai daɗe yana faɗa ba, yana jin kunyarta. Na uku kuwa ka rubuta shi duk lokacin da ka ga dama, ka bar yarinyar takarda a sama in kana so. Ta gaske dai a sauko mana da ita, ka tsaya gaban uwarka ka rufe abin da ka buɗe da bakinka.

Ka gaida Nafisa, ka gaida yaranka Tahiru da Ibram, ka shafa mini kan Nuriyya kafin kakarta ta karɓi aikin. Husseina da Idirisa suna gaisuwa. Yaya ta ce kada in gaishe ka, ta ce za ta yi da kanta. Allah ya sada mu da alheri.

Kawunka,
Barmo