Ƙasar da Aka Kwashe daga Filin Gangare

Daga: Desmond Airey,
Sakataren Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Skelbeck,
Lamba 9, Layin Masaƙa, Skelbeck.

4 ga Yuli, 2023.

Zuwa ga: Mista Gareth Ollerton,
Shugaban Sashen Filaye da Wuraren Wasanni,
Ƙaramar Hukumar Skelbeck.

Yallaɓai,

GAME DA: ƘASAR DA AKA KWASHE DAGA FILIN GANGARE, DA ROƘON A DAKATAR DA AMFANI DA ITA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan takarda da izinin kwamitin ƙungiyarmu, ko da yake izinin nasu bai wuce gyaɗa kai ba, don babu wanda ya yarda sunansa ya fito a ƙasa sai ni. Ƙorafi ne a kan sashenka, amma ba zan ɓoye ba, Yallaɓai zai ga cewa wani kaso mai yawa na laifin a wuyanmu yake. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mana hukunci.

1. Ma'aikatan masaƙar ulu ne suka kafa ƙungiyarmu a shekarar 1921. Mai masaƙa ya ba su gefen tudun da ko tumakinsa ba sa so, suka yi ta baje shi da shebur da baro duk Lahadi bayan coci, har suka gaji suka bar shi yadda yake. Shi ya sa muke da ragar tudu da ragar kwari, kuma duk baƙon da ya buga rabin wasa yana hawa sama ba ya mantawa da mu. Da aka rufe masaƙar a 1968 filin ya koma hannun Ƙaramar Hukuma, mu kuma muka zama 'yan haya. Ba mu taɓa hawa wani rukuni na a zo a gani ba. 'Yan wasanmu masu gyaran famfo ne da masu kai wasiƙa da malaman makaranta, babu mai cin abinci da ƙwallo. Kofi ɗaya muka taɓa ci, na gunduma, a 1974, kuma har gobe muna ba da labarinsa kamar jiya aka yi. Mai tsaron ragarmu a ranar shi ne marigayi Mista Wilfred Capstick.

2. Akwai abin da sashenka bai sani ba, saboda mun tabbatar bai sani ba. Ruwan filin duka a bakin ragar kwari yake taruwa, ciyawar wurin ta mutu, sai an ɗaga ta an sake shukawa duk ƙarshen kakar wasa. Tun wajen shekarun 1980, idan wani tsohon ɗan wasa ko magoyin baya ya rasu ya bar wasiyya, a ranar ɗaga ciyawar ce iyalinsa ke kawo tokar gawarsa da aka ƙone. Bayan an tashi daga wasan ƙarshe, baƙi sun watse, sai a zuba ta a ƙarƙashin ciyawar, 'yan wasa su tsaya da rigunansu na taɓo su yi tafi, a mayar da ƙasa. Mun san dokar filayen hukuma ta hana. Don haka ba mu taɓa neman izini ba, ba mu taɓa rubuta sunan kowa ba. A iya tunanina sun haura talatin, mahaifina yana ciki.

3. Mista Capstick ya rasu a watan Nuwamba na 2021, muka sa shi a wurin a watan Mayu na 2022. Shi ya zaɓi wurin da bakinsa. Da na je duba shi a asibiti ya ce mini, "Des, a kwari za ku sa ni. A nan na sha duk wahalata. Kuma waɗannan yaran naku na yanzu, ko tokata sai ta fi su tare ƙwallo." Matarsa, Misis Doreen Capstick, shekararta tamanin da ɗaya. Ita ta riƙe mana rumfar shayi tun ina ɗan makaranta har ƙafafunta suka hana ta tsayuwa. Ba su da 'ya'ya, kuma babu wani kabari a ko'ina mai ɗauke da sunansa.

4. Ranar 14 ga Maris, 2023, Yallaɓai da kansa ya jagoranci taro a ɗakin taron ƙungiya game da baje filin da shimfiɗa ciyawar roba. Ina so ya kasance a rubuce cewa ni na fi kowa matsa wa hukuma a kan wannan aiki. Na gaji da ɗage wasanni saboda ruwa, na gaji da ganin yaran garin suna tafiya wasu ƙungiyoyi. A wurin taron Yallaɓai ya tambaya, cikin kalmomi da babu ruɗani a cikinsu, ko akwai wani abu a ƙarƙashin filin da ya kamata ɗan kwangila ya sani. Mu bakwai ne a teburin, kuma kowannenmu ya taɓa tsayawa a bakin ragar kwari yana tafi. Muka dubi juna. Ni na buɗe baki na ce akwai tsohon bututun ruwa ta gefen rumfar shayi. Tsoro muka ji kada a ce mun karya dokar haya, ko a mayar da aikin wani gari. Yallaɓai ya yi godiya ya rubuta bututu.

5. Bayan sati biyu Misis Capstick ta tare ni a bakin ƙofa bayan wasa. Ta ce, "Kai Des, wannan dardumar taku da ake ta magana, a kan Wilf za a shimfiɗa ta?" Na ce e, a kai za a shimfiɗa. Ta ce, "To madalla. Ko ba komai ya huta da sanyi, dama gwiwoyinsa ba sa son hunturu." A lokacin ban san zurfin da za a tona ba. Amma takardun aikin suna kan teburina a gida, ban buɗe shafin ba, kuma na san abin da ya sa ban buɗe ba.

6. An fara aiki ranar 5 ga Yuni. Ranar 7 da na leƙa, katafila ta riga ta kankare saman filin gaba ɗaya, a bakin ragar kwari ramin ya kai mini gwiwa, tifofi suna ta fita. Na nemi shugaban ma'aikatan na gaya masa abin da ya kamata in gaya wa Yallaɓai tun watan Maris. Ya cire hularsa ya dube ni ya ce, "Haba Baba, ni ƙasa aka ce in kwashe. Ba wanda ya ce mini akwai 'yan kallo a ciki." Ba ni da ƙorafi a kan wannan mutum. Shi ne ma ya sanar da ni cewa ƙasar ɓangaren kwari baƙa ce mai laima, don haka ba a haɗa ta da sauran ba, an jibge ta daban a can ƙuryar ma'ajiyar hukuma da ke Hanyar Tasha.

7. Daga nan ƙorafina yake farawa. Ranar 8 ga Yuni na buga waya sashenka na bayyana komai. Aka ce ƙasar da ta fita daga fili ta zama ta Sashen Hanyoyi. Sashen Hanyoyi suka ce duk abin da ya shafi mamata na Sashen Maƙabartu ne. Jami'ar da ta ɗauka a can ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce tun da babu rajista, a idon hukuma babu kowa a cikin ƙasar. Ranar 21 ga Yuni na je ma'ajiyar da ƙafata, mai gadi ya ce ba a shiga sai da takarda daga sashenka. Na rubuto neman takardar a ranar, har yau ba amsa. Ta cikin shingen waya na hango tulin, ciyayi har sun fara tsirowa a kansa.

8. Ranar Juma'ar da ta wuce na ji, ba daga hukuma ba, daga bakin wani ɗan wasanmu da ke tuƙa tifa, cewa ranar 17 ga Yuli za a kwashe tulin a cike tsakiyar sabon shataletalen hanyar bayan gari, a gauraya shi da ɓaraguzai. Na amince mu muka yi shiru lokacin da aka tambaye mu. Amma kusan wata guda ke nan da muka yi magana, kuma ina ganin bai dace a rama shirunmu a kan mutanen da ba su suka yi shi ba.

9. Misis Capstick ba ta san komai ba. Ko da yake babu wasa yanzu, duk Asabar tana hawo bas da fulas ɗinta ta tsaya a bakin shingen, daidai inda ragar kwari take a da, tana ba shi labarin gari. Asabar da ta wuce na same ta tana ce masa, "Sun ɗauko sabon gola, Wilf, dogo ne amma hannu kamar an shafa masa man shanu." Ta zuba mini shayi a murfin fulas, na karɓa na sha. Tsakuwar ɗan kwangila take yi wa magana, ni kuma ina tsaye a gefenta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon Yallaɓai ya ba da umarnin a dakatar da taɓa wannan tuli kafin 17 ga wata. Ina kuma roƙon a ba mu izinin kwaso shi da motocinmu da sheburanmu, a bar mu mu tara shi a bayan ragar kwari, wajen shinge, mu shuka masa ciyawa ta gaske. Idan dokar haya ta tanadi hukunci, a yi shi a kaina. Idan ana so in sauka daga kujerar sakatare, zan sauka ba gardama.

Ranar Asabar mai zuwa, 8 ga wata, zan gaya wa Misis Capstick gaskiya, ko amsa ta zo ko ba ta zo ba, don ba zan iya sake shan shayin nan ba. Na san ta, ba za ta yi mini faɗa ba. Za ta rufe fulas ɗinta ta tambaye ni, to yanzu yana ina. Abin da nake roƙo kawai shi ne in sami amsar da zan ba ta wadda ba tsakiyar titi ba, inda tsohuwa mai sanda ba za ta iya tsallakawa ta je ba.

Ina jiran umarninka da kaina a sunkuye.

Naka mai biyayya,

Desmond Airey,
Sakatare.