Rikodar 'Yar Fari Ta Tafi Biki

Malam mai wannan fili,

Don Allah ka agaza mini da shawara, abu ya tsaya mini a rai. Ni akawu ne a Yola. Ina da 'yar fari, ba zan kira sunanta ba, ka san al'adarmu. Ƙyanda ta tafi da idanunta tun tana ƙarama, kuma tun yaye tana riƙo a hannun yayata, Adda Sabuwa, a unguwar Demsawo da ke nan Jimeta. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa. Malaminsu, Malam Apollos, ya yi ta rubutu har Maiduguri, sai da aka aiko mata da rikoda mai kaset. Shi ya zauna ya karanta mata darussa a ciki, don ta riƙa saurare a gida ta ci jarrabawar shiga makarantar gaba da ke karɓar makafi. Bana ce damarta ta ƙarshe, shekarunta sun kai.

To, Adda ta mai da rikodar nan kayan jere. Ta lulluɓe ta da ƙyalle, ta ɗora a kan kwanuka, wai yarinya za ta ɓata. Mai abu ba ta taɓawa, amma duk mai biki daga Demsawo har Mbamba aikowa yake aro, Adda kuwa ba ta iya cewa a'a, kada a ce ta yi rowa. Makon jiya aka dawo da ita daga wani biki. Yarinya ta lallaɓa ta danna, maimakon muryar malaminta sai kalangu da guɗa, har da muryar Adda tana yi wa amarya kirari. Sun ɗauki bikin a kan kaset ɗin, sun shafe karatun kaf. An ce ba ta yi kuka ba, ta dai zauna ta saurari kiɗan har ƙarshe, ko za ta ji saura.

Mace da furfura ba ta san kayan karatu ba, wannan wane irin duhun kai ne? Na aika ƙanena Jibrilla, ta ce tun yaushe na fara sa baki a sha'anin 'yar fari. Ni kuma in je da kaina, ai abin kunya ne. Shin in sa malamin ya ƙwace rikodar ne?

Akawu Mai Takaici, Yola.

AMSA

Malam Akawu, na tausaya wa yarinyar nan, kai kam ban tausaya maka sosai ba.

Adda ta yi ɓarna, babu shakka, kuma ta sayi suna a unguwa da kayan makauniya. Amma ita ta yi jinyar ƙyandar, ita ke riƙe hannun yarinyar zuwa makaranta. Ta ga akwati mai magana, ta ɗauka na nishaɗi ne. Wa ya zaunar da ita ya gaya mata cewa wannan shi ne allo da littafin 'yarta? Kai da ka sani kana Yola kana aike, sai ka ce Jimeta bayan Makka take.

Kara al'ada ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma an yi ta ne don ladabi, ba don uba ya samu wurin ɓuya ba. Malam Apollos ba shi ya haifa ba, ya rubuta har Maiduguri; kai ka haifa, ka rubuto mini. Yanzu kuma so kake ya yi maka faɗan gida.

Kada a ƙwace komai. Ka je da goro ka gai da Adda, ka roƙe ta gaban yarinyar a sauke rikodar daga kan kwanuka ta koma gefen shimfiɗarta. Mai neman aro a ce masa kayan makaranta ne, babu mai jin haushi. Sannan ka sayi kaset, ka karɓo littattafan wurin malamin. Ba akawu ba ne kai? Ka karanta mata da bakinka. Tunda ba ka iya kiranta ido da ido, ka fara kaset ɗin da sunanta, ta ji shi sau ɗaya a muryar ubanta.

Allah ya ba ta sa'a, kai kuma ya sassauta maka wannan kunyar.